Wasiƙa zuwa ga Edita: Ba kowane saƙon na'ura ne yake buƙatar intanet ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi bayani a kan wata fasaha wadda ba ta yi suna a bakin jama'a ba, alhali kuwa tana iya amfanar manoman rani, da masu kula da famfunan ruwan sha na karkara, da masu awon filaye a jihar Maraɗi. Duk lokacin da aka zauna ana shawarar yadda za a riƙa sa ido a kan rijiyoyin burtsatse da tankunan ruwa daga nesa, abin da ake fara kawowa shi ne a sa wa kowane famfo layin salula a haɗa shi da intanet, sai ka ce babu wata hanya sai ita. Akwai wata hanyar, ta kuma girmi salula, kuma a wurare da yawa ta fi dacewa da halinmu. Ina nufin modem na rediyo, wato ƙaramin akwatin nan da yake karɓar bayanan da wata na'ura take fitarwa ta waya, ya aika su ta iska zuwa ga ɗan'uwansa da ke nisan kilomita biyu ko goma, shi kuma ya mayar da su cikin waya yadda suka fito. Sana'ata harhaɗa na'urorin lantarki da gyaransu ce, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ganin irin waɗannan akwatuna sun fara shiga hannun matasanmu ba tare da bayanin da ya kamata ya rako su ba.

Kafin a gane aikin akwatin sai an san siffar kayan da yake ɗauka. Yawancin na'urorin aiki, irin su akwatin da ke sarrafa famfo mai aiki da hasken rana, da ma'aunin yawan ruwan da aka zuƙo, da ma'aunin ruwan sama, da na'urar GPS ta masu awo, suna fitar da bayanansu ne a jere a kan waya guda. Kowane harafi ko lamba ana mayar da shi bit takwas, wato alamomi takwas waɗanda kowace ɗayansu ko dai 0 ce ko kuma 1, sannan a tura su bi da bi, kamar yadda tumaki suke fita ta ƙaramar ƙofar shinge da safe, ta baya ba ta wucewa sai ta gaba ta wuce. Harafin A, alal misali, lambarsa 65 ce a tsarin ASCII, wadda ake rubutawa 01000001. Lokacin da babu magana wayar tana zaune a kan 1, idan kuma za a aika harafin sai ta koma 0 na tsawon bit guda domin ta sanar da mai karɓa cewa abu yana tafe, sai bit takwas ɗin su biyo baya, ana farawa daga na ƙarshen dama, daga nan a rufe da bit guda na 1. Ke nan kowane harafi yana cin bit goma. Babu wata waya ta daban da take ɗauke da agogo tsakanin ɓangarorin biyu, saboda haka dole ne tun farko su daidaita a kan gudu ɗaya, kuma gudun da aka fi samu a na'urorin aiki shi ne bit 9600 a daƙiƙa, wanda ya yi daidai da haruffa 960. Mai karɓa yana ƙirga lokaci da nasa agogon tun daga sanda ya ga bit na farko, yana leƙa wayar a tsakiyar kowane bit. Idan agogonsa ya saɓa wa na mai aikawa da kusan kashi 5 cikin ɗari, kafin ya kai ƙarshen harafin ya riga ya leƙa inda bai kamata ba, sai a ga tarkacen alamomi a kan allo maimakon lambobi.

Ɗaya daga cikin ƙa'idojin da suka fi daɗewa a wannan fanni ita ce RS-232, wadda ƙungiyar masana'antun lantarki ta Amurka ta fitar a shekarar 1960, kuma har yau ana ganin soket ɗinta mai tsinkaye tara a jikin na'urori, duk da cewa uku ne kawai suke yin ainihin aikin: na aikawa, da na karɓa, da na ƙasa. Ita wannan ƙa'ida ba ta da dogon numfashi, domin an saba ƙayyade wayarta a kusan mita 15. Ƙanwarta RS-485, ta shekarar 1983, tana amfani da wayoyi biyu murɗaɗɗu, tana iya kai wa mita 1200, kuma na'urori 32 suna iya zama a kan layi guda. Wannan ya ishi masana'anta ko babban asibiti, amma bai ishi fadama ba. Wanda ya taɓa binne waya a gonaki ya san abin da ke jiranta: garma da fartanya, da haƙoran ɓeraye, da masu haƙar tagulla da dare, da ruwan gulbi da yakan tono duk abin da aka binne, ga kuma tsawa, wadda doguwar waya take jawo ƙarfinta har cikin na'urorin da ke bakin nan da bakin can.

A nan ne modem na rediyo yake shigowa. Na'urar da aka haɗa da shi ba ta ma san cewa an cire wayar ba, tana ci gaba da zuba haruffanta yadda ta saba, shi kuma yana tara su a ƴar ma'ajiyarsa har sai sun kai wani adadi ko kuma an yi ɗan shiru. Daga nan sai ya ƙulle su a ƙunshi guda. A gaban ƙunshin yakan sa jerin 1 da 0 masu musanyar juna domin mai karɓa ya daidaita agogonsa, sai wata lamba ta musamman da ke nuna inda saƙo ya fara, sai adireshin wanda ake nufi da tsawon saƙon, sai saƙon kansa, a ƙarshe kuma wata lambar tantancewa mai suna CRC wadda aka lissafo daga dukan abin da ke ciki. Hanyar da aka fi bi wajen ɗora waɗannan bit a kan igiyar rediyo mai sauƙin fahimta ce: ana ɗan ɗaga zangon igiyar, wato yawan kaɗawarta a daƙiƙa, da ƴan kilohaz domin a nuna 1, a ɗan sauko da shi ƙasa domin a nuna 0, ƙarfin igiyar kuwa ba ya canzawa. Wannan dangin hanyar da tashoshin FM suke bi ce, shi ya sa hayaniyar injuna da tartsatsin lantarki ba su cika damunta ba. Idan ƙunshin ya isa, modem na biyu yakan sake yin lissafin CRC da kansa. In ya yi daidai da wanda aka aiko, sai ya warware ƙunshin ya zuba haruffan a wayarsa, in kuwa bai yi daidai ba, sai ya yar da shi, kuma a na'urorin da aka saita haka, mai aikawa yakan maimaita saƙon idan bai ji amsar cewa ya isa ba.

Dabarar ba ta yau ba ce. A shekarar 1971 Jami'ar Hawayi ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Norman Abramson, ta fara haɗa na'urorinta da ke warwatse da babbar kwamfutarta ta hanyar rediyo a tsarin da aka kira ALOHAnet, da gudun bit 9600 a daƙiƙa, kuma daga wannan aiki ne aka samo tunanin yadda na'urori da yawa za su raba hanya guda, tunanin da daga baya ya shiga cikin hanyoyin haɗa kwamfutoci na yau.

Mai karatu zai iya cewa haruffa 960 a daƙiƙa ai gudun wahainiya ne a zamanin da ake kallon bidiyo a salula, kuma gaskiya ne, amma sai a duba abin da famfo yake da shi na faɗa. A tsarin Modbus, wanda kamfanin Modicon ya ƙirƙiro a 1979 kuma na'urorin sarrafa famfo da yawa suke jin sa, tambayar da kwamfutar ofis take yi wa famfo bayit 8 ce kacal, wato haruffa 8, amsar kuma da ke ɗauke da ma'aunai goma, irin su zurfin ruwa, da ƙarfin wuta, da yawan litar da aka zuƙo, da zafin injin, bayit 25 ce. Wannan amsa tana wucewa a cikin kashi ɗaya cikin arba'in na daƙiƙa ko kusa da haka. Hoto guda mai nauyin kilobayit 100 da ake turawa a WhatsApp ya kai nauyin irin wannan tambaya da amsa har dubu uku. To, a kan wane dalili ƙungiyar manoma za ta ɗauki nauyin sayen kati kowane wata ga rijiyoyi ashirin, da tuna ranar da kowane layi zai ƙare, domin ɗaukar kayan da bai taka kara ya karya ba? Gandun noman rani irin na Jiratawa, wanda yake shan ruwa daga rijiyoyin burtsatse da famfunan lantarki a fili guda, shi ne irin wurin da aka yi wannan fasaha dominsa, domin modem guda a ofis yana iya kiran kowane famfo da adireshinsa, ɗaya bayan ɗaya, su kuma su amsa, ba tare da an biya kowa ko dala ba bayan kuɗin saye.

Sai dai akwai tarkuna, kuma a cikinsu ne mafi yawan masu gwadawa suke faɗawa har su yanke hukuncin cewa kayan jabu ne. Na farko shi ne wuta. Ƙananan modem masu arha suna aiki ne da bolt 3.3 ko 5 a tsinkayensu, alhali RS-232 ta gaskiya tana iya fitar da har bolt 15 sama ko ƙasa da sifiri, kuma a juye, wato 1 ita ce ta ƙasa. Wanda ya haɗa su kai tsaye ba tare da ƴar na'urar sauya ƙarfin wuta irin MAX232 ba, yana iya ƙona modem ɗin nan take. Haka nan wayar aikawa ta wannan ɓangare dole ta shiga tsinken karɓa na wancan.

Tarko na biyu ya fi wuyar ganewa, domin ya shafi lokaci ne, ba a kuma ganinsa da ido. Kowane modem yana da gudu iri biyu, gudun da yake magana da na'urar da ke jikinsa ta waya, da gudun da yake aikawa ta iska, kuma ba dole ne su zama ɗaya ba. Ana yawan rage gudun iska domin a ƙara nisa, saboda duk sanda aka ba kowane bit ƙarin lokaci, mai karɓa yana iya tsinto shi ko da ya raunana sosai. Fasahar LoRa, wadda wani ƙaramin kamfani na birnin Girenobil a Faransa ya ƙirƙiro kuma Semtech ya saye shi a 2012, ta kai wannan dabara matuƙa, har tana iya karanta saƙon da ya fi hayaniyar iska rauni, amma a mafi nisan saitinta ba ta wuce ƴan ɗaruruwan bit a daƙiƙa. Idan aka bar na'ura tana zuba bit 9600 a cikin modem ɗin da yake fitar da 2400 ta iska, ma'ajiyarsa za ta cika, abin da ya biyo baya kuma ya zube, sai dai in an haɗa wayoyin RTS da CTS waɗanda modem yake amfani da su ya ce wa na'urar ta dakata. Bugu da ƙari, tsarin Modbus na waya yana gane ƙarshen saƙo ne da shiru: idan aka yi shirun da ya kai tsawon haruffa uku da rabi, wato kimanin kashi huɗu cikin dubu na daƙiƙa a gudun 9600, sai a ɗauka saƙo ya ƙare. Modem ɗin da ya raba saƙo guda gida biyu, ya aika rabin farko, ya ɗan tsaya, sannan ya aika na biyu, ya jefa shiru a tsakiyar magana, famfon kuma zai ɗauki kowane rabi a matsayin lalataccen saƙo ya yi banza da shi. Maganin wannan yana cikin saiti: a zaɓi modem mai riƙe saƙo har ya cika kafin ya fitar da shi, a kuma ƙara wa kwamfutar ofis lokacin jiran amsa, domin yawancin waɗannan akwatuna ba sa aikawa da karɓa a lokaci guda, kuma juyawa daga wannan zuwa wancan yana cin lokaci.

Yanzu in zo ga batun da na fi so a yi masa karatun ta-natsu, wato eriya. Duk mai saye tambayarsa ta farko ita ce wat nawa ne, kuma mai sayarwa ya san haka, shi ya sa ake rubuta kilomita masu yawa a jikin kwali. Waɗannan alƙaluma yawanci an same su ne a fili fetal, da eriya a sama, babu abin da ya tare tsakani. A sararin da babu komai, sai an ninka ƙarfin aikawa sau huɗu kafin nisa ya ninku sau biyu, a kusa da ƙasa kuwa, inda igiyar da ta bugi ƙasa ta dawo take rage wadda ta zo kai tsaye, abin yana iya kai wa sau goma sha shida. Amma a wannan yanayi na kusa da ƙasa, ninka tsayin eriya guda sau biyu yana ba da riba daidai da ninka ƙarfi sau huɗu, kuma ba ya cin batir. Akwai lissafi mai sauƙi na iyakar da lanƙwasar duniya ta yarda igiyar ta kai: eriya biyu masu tsayin mita 4 kowace suna iya ganin juna har kusan kilomita 16, masu tsayin mita 9 kuma har kusan kilomita 25, muddin ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Sai dai ganin juna kaɗai bai wadatar ba, domin igiyar rediyo tana buƙatar sarari a kewayen layin da ke tsakanin eriyoyin, sararin da ya fi faɗi a tsakiyar hanya, wanda masana suke dangantawa da Augustin Fresnel na Faransa. A zangon megahaz 433 da nisan kilomita 5, wannan sarari yana kai wa kusan mita 29 daga layin tsakiya, kuma ana so aƙalla kashi 60 cikin ɗari nasa ya zama babu abin da ya shiga ciki. Ba kasafai ake samun cika wannan sharaɗi a karkara ba, shi ya sa kowace mita da aka ƙara wa sandar eriya take da daraja.

A nan Allah ya yi mana gyaɗar dogo ta fuska biyu. Birnin Maraɗi na yanzu yana kan tudu ne yana kallon kwarin gulbi, tun da aka taso da garin daga fadama bayan ambaliyar 1945, saboda haka eriyar da aka kafa a gari ta riga ta sami tsayi kyauta a kan gonakin kwari. Na biyu kuma, ƙauyuka da yawa da aka yi wa famfo suna da shato, wato tankin ruwa na sama, kuma ƙarfen da ya ɗauki tanki zai ɗauki eriya da ƙaramin faifan hasken rana ba tare da ya ji nauyi ba. Inda tudu ya raba wurare biyu, modem na uku a kan shaton da ke tsakani yana iya karɓar saƙo ya sake aika shi. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne ganye. Ruwan sama da ƙurar hunturu ba su da wani tasiri na a-zo-a-gani a zangon da bai kai megahaz 1000 ba, amma ɗanyen ganye mai kauri yana shan igiyar. Hanyar da aka gwada a watan Afrilu a kan gonaki tsirara tana iya raunana a watan Agusta sanda gero da dawa suka yi tsayi, bishiyoyi suka cika da ganye, wadda kuma ta ratsa ta cikin gawo tana iya yin akasin haka, tun da shi gawo da damina yake zubar da ganyensa, da rani ya yi sabo. Haka nan kada a yi wasa da wayar da ke tsakanin modem da eriya: mita goma na siririyar waya irin RG-58 suna cinye kusan rabin ƙarfin a zangon 433, saboda haka ya fi kyau a ɗaga modem ɗin kansa sama kusa da eriya cikin akwati mai inuwa, a sauko da bayanan ta wayar RS-485. A kuma binne ƙarfen ƙasa, a sa abin kare tsawa, domin eriyar da ke kan shato ita ce abu mafi tsayi a unguwar.

Malam Edita, babban abin da ya dame ni shi ne batun zango. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta raba duniya yanki uku, Afirka da Turai suna yanki na ɗaya, nahiyar Amurka kuma tana na biyu. A Amurka an buɗe wa jama'a zangon megahaz 902 zuwa 928 tun 1985, kuma an yarda modem ya aika da ƙarfin da ya kai wat guda yana tsalle daga wannan zango zuwa wancan, saboda haka kasuwannin intanet cike suke da akwatuna masu rubutun 915 a jikinsu. A yankinmu kuwa wannan wuri na salula ne: a tsarin GSM 900 wayoyin hannu suna magana da turaku a tsakanin 890 da 915, turakun kuma suna amsawa a tsakanin 935 da 960, kuma inda aka faɗaɗa tsarin iyakokin suna saukowa zuwa 880 da 925. Wanda ya kafa modem na Amurka a kan shato a Tibiri ko Gidan Rumji yana zuba hayaniya ne daidai inda turken salula yake kasa kunne domin jin ƙananan wayoyin talakawa, shi kansa kuma modem ɗinsa zai kurmance duk sanda wani ya buga waya kusa da shi. Zangunan da aka saba ware wa ƙananan na'urori a yanki na ɗaya su ne na 433 da na 868, kuma da sharuɗɗa: a Turai, misali, an ƙayyade miliwat 10 a na farkon, a wani ɓangare na na biyun kuma miliwat 25 tare da sharaɗin kada na'ura ta yi magana fiye da kashi 1 cikin ɗari na lokaci, wato daƙiƙa 36 a sa'a guda. Mai son ƙarfi da nisa fiye da haka yakan nemi lasisin zango nasa na kansa, galibi tsakanin 400 da 470, inda ake ba shi ƴar hanya mai faɗin kilohaz 12.5 ko 25 wadda ba ya rabawa da kowa, kuma a irin wannan hanya ce masu awon filaye suke aika gyaran GPS daga na'urar da ke tsaye zuwa mai yawo, har awonsu ya kai daidaiton santimita. Kowace ƙasa ce take yanke nata hukunci, a Nijar kuma wannan aikin ARCEP ne, wato hukumar da ke kula da harkokin sadarwa. Roƙona gare ta shi ne ta fitar da takarda ƴar gajeriya da Hausa, a kuma karanta ta a gidajen rediyon gari, wadda za ta faɗi zangon da aka halatta ba tare da lasisi ba, da iyakar ƙarfi, da inda mai neman lasisi zai nufa, a kuma ba ƴan kasuwa masu shigo da kaya ta iyakar Ɗan Isa kwafi. Matashin da ya tara jikkunansa ya sayi akwati ba da niyyar karya doka ya yi ba, ba a dai gaya masa cewa lambar da ke jikin kwalin tana da muhimmanci ba ne.

Akwai kuma batun tsaro, wanda bai kamata a ɗauke shi wasa ba da zarar an wuce karanta ma'auni an fara ba famfo umarni. Abin da aka aika ta iska kowa mai irin akwatin yana iya ji, yana kuma iya yin magana da muryar ofis, domin Modbus na asali ba ya tambayar wanda ya aiko saƙo. A shekarar 2000, a gundumar Maruci ta jihar Kwinsland a Ostareliya, wani tsohon ma'aikacin kamfanin da ya kafa na'urorin sarrafa ruwan ƙazanta ya yi amfani da kwamfuta da rediyo daga cikin motarsa ya riƙa ba famfunan umarnin ƙarya, har ƙazanta kimanin lita 800,000 ta malala cikin koguna da wuraren shaƙatawa, daga baya aka ɗaure shi shekara biyu. Saboda haka duk modem ɗin da zai kunna ko ya kashe famfo ya kamata ya zama mai ɓoye saƙo da tsarin AES, a kuma canza mabuɗin da ya zo da shi daga masana'anta. Abin da ke hana famfo aiki idan ruwa ya ƙafe, da wanda ke kashe shi idan tanki ya cika, su zauna a jikin famfon su yi aikinsu ko da rediyo ya yi shiru.

Ba ina cewa a yi watsi da salula ba ne. Rijiya guda tilo a arewacin Dakwaro wadda ake so a riƙa karanta ta daga Yamai, layin salula ne ya dace da ita in akwai rezo, kuma sau da yawa hanya mafi kyau ita ce a haɗa biyun, famfuna goma su yi magana da ofishin ƙauye ta rediyo, ofishin kuma ya tura taƙaitaccen rahoto birni ta layi guda.

Daga ƙarshe ina da shawara ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da makarantun koyon sana'a na jiharmu. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake shigowa, ya bi ta yankin Madarumfa kafin ya iso gari ya wuce Tibiri, kuma wanda ya ga ɓarnar ruwa ta daminar 2024 ya san amfanin labarin da ya riga ruwa isowa. Ma'aunin tsayin ruwa a ɓangaren da gulbin yake shigowa, da modem guda a jikinsa, da wani a kan shato a tsakiyar hanya, da na uku a gari, aiki ne da ɗalibai za su iya harhaɗawa da hannunsu bayan sun sami izinin zango. Yawancin waɗannan akwatuna suna nuna ƙarfin igiyar da suka karɓa da lamba, saboda haka ina ba da shawarar a riƙa rubuta wannan lamba kowace rana tsawon shekara guda, damina da kaka da hunturu da bazara, tare da tsayin kowace eriya da nisan da ke tsakani, sannan a buga sakamakon da Hausa domin masu harhaɗa famfuna na Tasawa da Mayahi da Agye su san tsayin sandar da za su saya kafin su kashe kuɗinsu.

Wassalam.

Naka,
Mai harhaɗa na'urorin lantarki,
Unguwar Zariya, Maraɗi.